Ƙaramar Kwamfutar Hannu: Ta Kallo ce, ko ta Karatu?



Akwai wata na'ura da ta maƙale tsakanin waya da kwamfuta, ba ta zama wannan ba, ba ta zama waccan ba, amma ta ƙi ɓacewa daga kasuwa. Ina nufin ƙaramar kwamfutar hannu, wadda 'yan kasuwar waya ke kira tab, mai fuska inci 8 zuwa 9, wadda hannu ɗaya ke iya riƙewa. Galibin masu sayenta ba aikin ofis ne ya kai su ba. Kallo suke so su yi, da karatu, da sauraro. A kanta za mu tsaya yau, kuma zan sa iPad mini ta kamfanin Apple a gaba, domin tana cikin waɗanda suka fi daɗewa a wannan layi, da ita kuma ake auna sauran.

Shugaban kamfanin da kansa bai so a ƙera ta ba. A watan Oktoban 2010, watanni kaɗan bayan fitowar iPad ta farko mai inci 9.7, Steve Jobs ya yi wa ƙananan tab masu inci 7 ba'a a gaban masu zuba jari. A ganinsa sun yi girma su yi gogayya da waya, sun kuma yi ƙanƙanta su yi gogayya da iPad. Har ya ce sai dai a riƙa haɗa wa mai saye da takardar nan da kafintoci ke goge katako, ya goge yatsunsa su sirance kafin ya iya taɓa abin da yake so. Jobs ya rasu a Oktoban 2011. Wata guda bayan haka Amazon ya fito da Kindle Fire mai inci 7 a kan dala 199. A tsakiyar 2012 Google ya biyo da Nexus 7, ita ma a kan dala 199, mutane kuwa suka yi ta saye. Kafin shekarar ta ƙare, a watan Oktoba, sai ga Apple da iPad mini mai inci 7.9 a kan dala 329. Kasuwa ta yi magana, kamfani ya bi.

Jobs yatsa yake dubawa, masu saye kuma ido da wuyan hannu suke dubawa. Wanda ya kishingiɗa bayan sallar isha yana son ya kalli wani abu kafin barci ya ɗauke shi, ba ruwansa da faɗin madannai. Damuwarsa kada hannu ya gaji. Sai dai rabin maganar Jobs ta tabbata ta wata hanyar da ba a zata ba, domin waya ce ta yi ta girma. iPhone ta farko a 2007 inci 3.5 ce. Yau Tecno ko Infinix da ke aljihun ɗan acaɓa tana kai inci 6.7 ko fiye. Shi ya sa mutum zai tambaya, kuma tambayarsa na kan hanya: tsakanin 6.7 da 8.3, wato girman iPad mini ta yanzu, me ya rage da zan ƙara kashe kuɗi a kansa?

A nan lamba take yaudara. Incin da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, a karkace. Wayar zamani doguwa ce siririya, tab kuwa tana da faɗi. Idan aka lissafa filin fuskar gaba ɗaya, na iPad mini ya kusa ninka na waya mai inci 6.7. Haka ma hoton bidiyo, kusan ninki biyu yake fitowa. Wanda ke kallon fim ɗin da ake rubuta fassararsa a ƙasa zai gane wannan tun a minti na farko, don ba sai ya ƙanƙance ido ba. Nauyinta giram 293 ne, ita kuwa iPad babba ta gama-gari giram 477. A takarda bambancin ba ya da yawa. Riƙe ta sama da fuskarka na awa guda kana kwance, sai ka ba da labari. Tsawonta bai kai santimita 20 ba, faɗinta kamar 13 da rabi, don haka tana shiga aljihun gefe na kaftani, tana shiga jakar hannun mata ba tare da ta leƙo ba.

To amma bari in faɗi ra'ayina tun yanzu, kada in yi ta kewaye-kewaye. Ana tallar wannan na'ura da sunan kallo, ni kuwa a wurina a karatu ta fi ƙwarewa. Siffarta siffar littafi ce. Fuskarta na da ɗigo 326 a kowane inci, wanda ya fi na manyan iPad cunkoso, shi ya sa harafi ke fitowa sumul, ba tsaga-tsaga. Ɗauki mus'hafin bugun Madina, mai shafi 604, layi 15 a kusan kowane shafi. Mahaddata sun san ido ma yana hadda, yana riƙe cewa aya kaza a saman shafin dama take, aya kaza a ƙarshen na hagu. A waya, ko dai shafin ya fito cikakke amma wasali ya yi ƙanana, ko a buɗa shi ya yanke, tsarin shafin ya wargaje. A tab mai inci 8 shafin na zama cif yadda ido ya saba, da wasali da alamun tsayawa duk a bayyane. Haka littattafan malamai da aka ɗauki hotonsu aka mai da su fayil, irin masu matani a tsakiya da sharhi a gefe, waɗanda a waya sai ka yi ta ja da yatsa hagu da dama har ka manta inda ka tsaya. Haka littattafan hikaya na marubutanmu da yanzu ake karantawa a intanet fiye da a takarda. Haka takardun darasi na ɗaliban jami'a, ko da yake a nan akwai iyaka: takarda mai cikakken faɗi, mai rubutu a jeri biyu, ta ɗan fi ƙarfin inci 8, dole ka riƙa buɗawa. Wanda kuma karatu zalla yake so, ba hoto ba bidiyo, na'urar Kindle mai fuska kamar takarda ta fi masa, don cajinta na yin makonni kuma ana karanta ta a tsakar rana.

Mu dawo kan fim. Faɗin nan da ya yi wa littafi daidai, bai yi wa fim daidai ba. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So, da mafi yawan abin da ke YouTube, ana ɗaukar su ne a ma'aunin talabijin na zamani, 16 a kwance 9 a tsaye. Idan ka sa su a iPad mini, kusan kashi ɗaya cikin bakwai na fuskar zai zama baƙin layi sama da ƙasa. Wannan da sauƙi. Amma manyan fina-finan sinima na Indiya da Amurka, waɗanda suka fi haka faɗi, suna barin fiye da kashi ɗaya cikin uku na fuskar a banza. Ka biya kuɗin fili, an ba ka kashi biyu cikin uku. Sannan baƙin nan ba baƙi ƙirin ba ne. Fuskar irin wadda ake haskawa da fitila daga baya ce, don haka a ɗaki mai duhu baƙi sai ya koma toka-toka, alhali wayoyi da yawa da ba su kai rabin kuɗinta ba suna da fuskar da kowane ɗigo ke kashe kansa, baƙi ya zama baƙi. A waje kuma haskenta ba ya jure ranarmu. Ma'aunin haskenta 500 ne, manyan wayoyi kuwa sun daɗe da haura 1,000. A inuwar bishiya za ka kalla, a bayan a-daidaita-sahu da azahar fuskarka kawai za ka gani.

Akwai ƙorafe-ƙorafe biyu da masu sharhin na'urori a Turai da Amurka suka cika yi, waɗanda ni ban ɗauke su da nauyi ga mai kallo ba. Na farko, fuskar sau 60 take sabunta hoto a daƙiƙa, ba 120 ba kamar masu tsada. Fim dai hoto 24 ake ɗauka a daƙiƙa, shirin talabijin 25 ko 30, to ina asarar? Na biyu, a samfurin 2021 an lura idan ka riƙe ta a tsaye kana jan rubutu sama da ƙasa, gefe ɗaya na ɗan riga ɗayan, layi ya yi kamar ya karkace. Apple ya ce haka irin wannan fuska take, amma a samfurin 2024 masu gwaji sun ce abin ya ragu ƙwarai. Mai karatu mai kaifin ido zai iya lura, mai kallon fim ba zai taɓa gani ba. Sauti kuwa, tun 2021 aka sa lasifika a ɓangarori biyu, idan ka kwantar da ita murya na fitowa dama da hagu, kuma ya isa ɗaki ɗaya.

Inda gizo ke saƙar ba a fuska yake ba. Wannan na'ura a Kalifoniya aka tsara ta, don gidan da intanet ke gudana dare da rana ba a ƙirga shi, wuta ba ta ɗaukewa, kuma akwai katin banki da ake cire kuɗin Netflix duk wata. A irin wannan gida ba a ajiye fim, ana buɗewa ne a kalla a rufe. Mu kuwa yawancinmu ba haka muke kallo ba. Ana zuwa wurin masu tura fina-finai a cika memori da fassarar Algaita da wa'azi da waƙoƙi, ko aboki ya tura maka ta Xender, ko ka jira garaɓasar datar dare ka sauke. iPad mini ba ta da ramin memori, ba ta taɓa samunsa ba tun 2012. Abin da ka saya da shi, da shi za ka zauna. Samfurin 2021 daga giga 64 ya fara, na 2024 daga 128, kuma ƙarin wuri sai ƙarin kuɗi mai yawa tun a ranar saye. Ramin abin sauraro na kunne ma an toshe shi tun 2021. Sai dai ka sayi marar igiya, wanda shi ma wani abin caji ne ya ƙaru a gidan da ake rabon soket. Gida ne mai kyau, amma ƙofarsa ɗaya tal: ramin caji. Gaskiya ne ramin irin na wayoyin Android na yanzu ne, cajar gida za ta yi, kuma za ka iya soka masa filashi ka kalli abin da ke ciki da manhaja irin VLC. Amma ta ƙofar nan caji zai shiga, ta nan filashi, ta nan igiyar kunne, kuma ɗaya bayan ɗaya, in ba ka sayi wani abin rarrabawa ba.

Batun layi ma haka. Mafi arahar, mai dala 499, ba ta ɗaukar layin waya ko kaɗan, sai ka jona ta da intanet na gida ko ka ba ta daga wayarka, wanda ke shanye batirin wayar da ake son a huta da ita. Mai ɗaukar layi sai ka ƙara dala 150, kuma a samfurin 2024 babu wurin sa katin sim, sai layin da ake shigarwa ta manhaja, wanda samunsa ba kamar tsayawa a bakin titi ka sayi sim ba ne. Ko da layin, ba a kiran waya da ita yadda aka saba. WhatsApp ma, da nan ne rabin bidiyon da jama'armu ke kallo yake yawo, sai a watan Mayun 2025 aka yi masa manhajar iPad, shekara 15 bayan fitowar iPad ta farko. Kuma tunda a rediyo muke, bari in yi ƙorafin gida: babu rediyon FM a cikinta. Ƙaramar itel mai madannai tana kama mu kyauta, wannan mai tsadar sai ta ci data kafin ka ji muryata.

Datar kuwa tana cin ta da gaske. Babbar fuska tana tona asirin hoto marar kyau. Bidiyon da a waya ka rage masa inganci don tsimi kuma bai dame ka ba, a tab sai ka ga fuskokin 'yan wasa sun dagule, hannunka ya kai ga ƙara inganci. Netflix da kansa ya ce awa guda a matsakaicin inganci na iya cin giga 1, a babban inganci har giga 3. Ka tuna kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Mai sayen tab ya lissafa da wannan, don kuɗin da ke kan kwali somin taɓi ne.

A ɓangaren batir sai in yaba mata, amma da sharaɗi. Apple na cewa tana kai awa 10, adadin da yake faɗa tun iPad ta 2010. Girman batirin bai wuce na wayoyin nan masu 5,000 da wani abin kirki ba, don haka fawa banki ko ƙaramin sola na cika ta, abin da talabijin ba zai yi ba ranar da aka ɗauke wuta. Babbar fa'idar ma ita ce waya ta huta. Yara sun gama kallonsu, uwargida ta gama nata, wayar maigida na nan da cajinta don kira da tura kuɗi. Sharaɗin shi ne zafi. Kamfanin ya ce a yi amfani da ita tsakanin digiri 0 zuwa 35. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, watan Afrilu na haura 40 ba tare da neman izinin kowa ba. Idan ta yi zafi sai ta rage haske da kanta, ta dakatar da caji, batirin kuma ya riƙa tsufa da wuri. Kallo ana caji, a cikin riga mai kauri, a kan katifa, shi ne mafi saurin kashe ta.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a jikin kwali. Wannan na'urar mutum ɗaya ce. Mutum biyu za su iya haɗa kai su kalla, na uku sai leƙe. Mu kuwa kallonmu na taro ne. Daɗin Kowa a Arewa24 daɗinsa a tsakar gida, ana kallo ana musu, wata na tsine wa wani ɗan wasa, wata na kare shi. Ƙwallo ma haka. Kana iya kallon wasan Firimiya a tab kai kaɗai, hoto tas, amma abin da ke zuwa ta intanet yana makara, sai ka ji ihun gidan kallo na unguwa ya tashi alhali a wurinka ɗan wasan bai ma karɓi ƙwallon ba. Wanda ke neman abin da zai maye gurbin talabijin na iyali, ba nan zai samu ba. Wanda ke neman ya tsere wa rigimar rimot, ɗalibi a ɗakin kwana, ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, matafiyi a jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, shi aka yi wa ita. Game da yara, magana ɗaya ta isa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa 'yan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da su gaban fuskar na'ura, 'yan 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa guda a rana. Girman tab ya yi wa hannun yaro daidai, kuma matsalar ke nan.

Sai kuɗi. Hankali zai ce ƙarami ya fi araha, amma a wurin Apple iPad babba ta gama-gari dala 349 ce, ƙaramar 499. Dalili shi ne an zuba mata injin A17 Pro, irin na iPhone 15 Pro, ƙarfin da mai wasannin kwamfuta da mai zane za su mora, amma mai kallon YouTube ba zai taɓa kai wa ƙarshensa ba. A ɗaya gefen ga Galaxy Tab A9 ta Samsung da ta fito a 2023, inci 8.7, kuɗinta bai kai rabin na iPad mini ba. Tana da ramin memori, tana da ramin igiyar kunne, akwai mai ɗaukar sim na gaske, siffarta ma ta fi kusa da ta fim, baƙin layin bai kai na iPad ba. Duk ƙofofin da Apple ya rufe, ita a buɗe ta bar su. Amma araha ba ta ado. Ɗigon fuskarta kamar 180 ne a inci, wato ɗan sama da rabin na iPad mini, ƙananan haruffa da wasali na fitowa da gefe mai kaushi, kuma tana nauyin jiki idan manhajoji suka yi yawa. Fire HD 8 ta Amazon ta fi araha, sai dai ba ta zuwa da shagon manhajojin Google, kuma mafi arahar tana nuna maka talla duk sanda ka kunna. Marasa suna kuwa, waɗanda kwalinsu ya fi cikinsu kyau, da yawa ba su da lasisin da Netflix ke nema kafin ya ba da hoto mai inganci, ko nawa ka biya. Idan ka tambaye ni, wanda kallonsa daga memori yake, ta Samsung ta fi masa amfani ko da yana da kuɗin iPad. Wanda karatu ya fi yawa a ranarsa, ido zai gode masa idan ya daure ya sayi mai fuska mai kyau.

Na san da yawa ba sabuwa za su saya ba, ta hannu za a nema a Farm Centre a Kano ko makamantanta. To a kula da shekara, domin duk sunansu ɗaya, kuma na farkon kamanninsu ɗaya. Ta 2012 ta tsaya a tsarin iOS 9, ta biyu da ta uku a iOS 12, kuma manhajojin kallo da yawa sun daina hawa kansu, komai kyan jikinsu. Ta 2019, wato ta biyar, ita ce ta ƙarshe mai ramin igiyar kunne. Ta 2021 ita ce ta ƙarshe mai wurin sa sim, ga wadda aka yi da layi. Kafin kuɗi ya bar hannunka, sa mai shago ya goge ta gaba ɗaya a gabanka, a jona ta da intanet, a tashe ta daga farko. Idan ta nemi asusun iCloud na wani, mayar masa da kayarsa, don wannan kulle da Apple ya kawo tun 2013 ba a buɗe shi da roƙo, kuma mai cewa zai cire maka shi gobe, goben ba ta zuwa. Sannan ka buɗe farin shafi ka duba tabo a fuska, ka kunna bidiyo na minti goma da cikakken haske, ka ga kashi nawa batirin ya sauka.